Yadda ake gane dengi da cikungunya idan sun haɗu a jikin mutum ɗaya

Sauro iri ɗaya ne ke yaɗa dengi da cikungunya: Aedes aegypti da ɗan'uwansa Aedes albopictus, masu zanen fari da baƙi a ƙafafu, masu cizo da rana, musamman da hantsi da kuma gab da faɗuwar rana. Suna hayayyafa a ruwan da ya kwanta cikin ganguna, tankuna, tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Macen aegypti tana da wata ɗabi'a mai taimaka wa cuta: da an motsa sai ta tashi, ta koma kan wani, har takan ciji mutum uku ko huɗu kafin cikinta ya cika. A garin da cututtukan biyu suke yawo a damina ɗaya, mutum na iya kamuwa da su tare ta hanya biyu. Ko dai sauro ɗaya mai ɗauke da duka biyun ya cije shi, ko kuma sauro biyu su cije shi a kwanaki mabambanta, ciwo na biyu ya iske na farko bai gama fita ba.

Ƙwayoyin cutar kuwa ba dangin juna ba ne. Bairos ɗin dengi ɗan gidan Flavivirus ne, dangin zazzaɓin shawara da Zika, kuma iri huɗu ne, DENV-1 zuwa DENV-4. Na cikungunya ɗan gidan Alphavirus ne. Saboda haka gwajin ɗaya ba ya ganin ɗayan. Wanda aka yi wa gwajin dengi kaɗai ya fito da shi, babu abin da aka sani game da cikungunya a jikinsa. A nan yawancin haɗuwar ke ɓacewa, domin da an samu suna ɗaya da ya dace da zazzaɓin sai a daina nema.

Yawan haɗuwar, da dalilin da alƙaluma ke saɓa wa juna

An fara gano cikungunya a kudancin Tanzaniya a 1952, kuma sunan daga harshen Makonde yake, yana nuni da yadda ciwon gaɓoɓi ke tanƙwara mai shi. Haɗuwarta da dengi ma tsohon labari ne: a annobar 1964 a Vellore da ke kudancin Indiya an fitar da cikungunya da DENV-2 daga jinin majiyyaci ɗaya. Abin da ya sauya shi ne faɗin ƙasar da suke tarayya a kai. Annobar da ta taso daga gaɓar tekun Kenya a 2004 ta bi tsibiran tekun Indiya, ta kwantar da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Reyuniyon a 2005 da 2006, ta shiga Indiya inda aka lissafa fiye da mutum miliyan ɗaya da ake zargi a 2006. A Reyuniyon ne aka ga wani ɗan sauyi a jikin bairos ɗin, wanda ake kira E1-A226V, da ya sa albopictus ya fi iya ɗaukarsa. A Disamban 2013 cutar ta bayyana a tsibirin Saint Martin da ke tekun Karebiyan, daga nan ta bazu a nahiyar Amurka, inda dengi ya daɗe da zama. Shi kansa dengin, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kamuwa miliyan 100 zuwa 400 a kowace shekara, kuma a 2024 an kai mata rahoton fiye da mutum miliyan 14, adadin da ba a taɓa gani ba.

Wani bita da aka wallafa a 2016 ya ƙirga ƙasashe da yankuna 98 da cututtukan biyu ke yaɗuwa a cikinsu, amma 13 ne kawai suka taɓa ba da rahoton haɗuwarsu a jikin mutum ɗaya, cikinsu har da Angola, Gabon, Indiya, Madagaska, Singafo, Siri Lanka, Tailan da Yaman. Sauran 85 ɗin babu wani dalili na halitta da zai kare su. Bambancin yana ga wanda ya gwada duka biyun da wanda bai gwada ba. Gabon misali ce mai kyau: a annobar Librebil, babban birninta, ta 2007, da aka bi samfuran jini da PCR (gwajin da ke neman ƙwayar halittar bairos ɗin kansa) na cututtukan biyu, an samu mutum takwas ɗauke da cikungunya da DENV-2 tare, daga baya kuma aka kama albopictus mai ɗauke da su duka.

Idan ka karanta rahotanni za ka ga wani ya ce haɗuwar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, wani ya ce ta haura kashi ashirin. Kafin ka yarda da kowanne, ka duba abu uku. Na farko, cikin su wa aka ƙirga: duk mai zazzaɓi, ko waɗanda aka riga aka tabbatar suna da dengi, ko waɗanda aka kwantar a asibiti? Na biyu, yaushe: tsakiyar annoba ko lokacin lumana? Na uku, kuma shi ya fi nauyi, da wane gwaji? Binciken da ya dogara da IgM (garkuwar farko da jiki ke ƙerawa bayan kamuwa) kusan kullum yana ba da adadi mafi girma fiye da wanda ya dogara da PCR, saboda dalilin da zai zo a ƙasa. Akwai kuma ɓoyayyen gefe: kusan uku cikin huɗu na masu kamuwa da dengi ba sa nuna wata alama, alhali mafi yawan masu cikungunya suna kwantawa. Mutum na iya zuwa da ciwon cikungunya zalla a fuska, dengi na tafiya shiru a jininsa.

Matakin farko: ranar da zazzaɓi ya fara

Kafin allura ta taɓa jijiya, a tabbatar da ranar da zazzaɓin ya fara, a rubuta kwanan watan kansa a fom. Wasu ɗakunan gwaji suna kiran wannan rana ta ɗaya, wasu suna kiranta sifili, kuma rubuta "kwana huɗu" kawai yana jawo ruɗani. Duk fassarar sakamako a kan wannan ranar ta rataya. Majiyyaci sau da yawa yana ba da ranar da ciwon ya tsananta ne, don haka a yi masa tambayar ta fuska biyu ko uku, a tambayi mai jinyarsa.

A tambayi kuma inda ya je cikin makonni biyu da suka wuce, domin dengi kan ɗauki kwana 4 zuwa 10 kafin ya bayyana, cikungunya kuma yawanci 3 zuwa 7, wani lokaci har 12. A tambayi ko ya yi wani zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi a watannin baya, ko an taɓa ce masa yana da dengi, da kuma allurar rigakafin da ya karɓa: ta shawara, ta dengi ko ta cikungunya. Kowace daga cikinsu na iya canza ma'anar gwajin garkuwar jiki. A ƙarshe, magungunan da ya riga ya sha, musamman asfirin, ibuprofen da diclofenac.

Abin da ido da hannu za su nuna

Kwanaki biyu ko uku na farko cututtukan suna kama da juna ƙwarai: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai, ciwon jiki, ƙuraje. Abin da ke karkata zuwa cikungunya shi ne ciwon gaɓoɓi mai tsanani a ɓangarori biyu na jiki daidai wa daida, a yatsu, wuyan hannu, idon sawu da tafin ƙafa, sau da yawa da kumburi da sanƙarewar safe, har mutum ya kasa riƙe kofi ko taka ƙasa. Na dengi ya fi zama ciwon nama da ƙashi, da ciwo a bayan ido, kuma gaɓar ba ta cika kumbura ba. A matsa gaɓoɓin da hannu a gani, kada a tsaya ga tambaya.

Abin da ke karkata zuwa dengi shi ne jini da yoyon ruwa daga jijiyoyi: haɓo, jinin dasashi, ɗige-ɗigen jini a ƙarƙashin fata, ciwon ciki, amai. Gwajin ɗaure hannu yana taimakawa inda babu kayan aiki. A auna hawan jini, a hura robar awon zuwa tsakiyar lambar sama da ta ƙasa (mai 120 bisa 80, a tsaya a 100), a bar ta minti biyar, a sassauta, a jira kamar minti biyu, sannan a ƙirga ɗige-ɗigen da suka fito a murabba'i mai santimita 2.5 a kowane gefe, ƙasa da lanƙwasar gwiwar hannu. Goma ko fiye yana goyon bayan dengi. A fata mai duhu sai da haske mai kyau ake ganinsu, kuma rashinsu bai kore dengi ba.

Wanda ya zo da kumburarrun gaɓoɓin hannu kuma filatilet ɗinsa (ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini) na faɗuwa, ko dasashinsa na jini, shi ne ya kamata ya sa a yi zargin haɗuwa. Sai dai alamun jiki zargi kawai suke kawowa. Babu wani tarin alamu da ya isa ya tabbatar da cuta biyu.

A yi cikakken ƙidayar jini tun ranar farko, ko da majiyyacin bai nuna damuwa ba, domin a samu ma'aunin da za a kwatanta na gobe da shi. A dengi fararen ƙwayoyin jini kan sauka, filatilet su bi baya har ƙasa da 100,000, PCV (kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini) kuma ya hau idan ruwa ya fara yoyo. Hawan kashi 20 cikin ɗari a kan na farko, misali daga 40 zuwa 48, alamar yoyo ce mai ƙarfi. A cikungunya limfosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyin, ne suka fi sauka, filatilet kan ragu kaɗan ko su tsaya, PCV kuma ba ya hawa. Inda maleriya take, gwajinta wajibi ne a rana ɗaya, kuma samunta bai rufe ƙofar sauran ba. Taifot, leptospirosis, ƙyanda da Zika su ma su kasance a zuciya.

Zaɓen gwaji bisa ga rana

Gwaje-gwajen kashi biyu ne: masu neman bairos ɗin kansa, da masu neman amsar da jiki ya mayar masa. Bairos yana cikin jini kusan mako ɗaya ne. Amsar jiki kuwa takan makara, kuma takan daɗe.

Daga ranar farko zuwa ta biyar, gwajin da ya dace shi ne RT-PCR, wato PCR ɗin da ake yi wa irin waɗannan bairos, na cututtukan biyu a kan samfuri ɗaya. Akwai masu haɗa su a bututu guda, kamar Trioplex na cibiyar CDC ta Amurka da aka fara amfani da shi a 2016, mai neman dengi, cikungunya da Zika tare, ko da yake ba ya faɗin wane irin dengi ne cikin huɗun. Cikungunya na da yawan bairos a jini sosai a kwanakin farko, kuma PCR na iya kama ta har wajen rana ta takwas. Na dengi yakan fara raguwa daga rana ta biyar, musamman ga wanda ya taɓa yin dengi a baya.

Inda babu PCR, dengi na da mafita: furotin NS1, wanda ake samu a jini daga ranar farko zuwa wajen ta bakwai, ta ELISA (gwajin faranti da ake yi a ɗakin gwaji) ko ta katin gwajin gaggawa. Idan ya fito, abin dogaro ne ƙwarai. Idan bai fito ba, a yi hattara, domin a kamuwa ta biyu garkuwar da jiki ya riga ya mallaka takan kama furotin ɗin ta ɓoye shi daga gwaji. Cikungunya ba ta da makamancin NS1 da ya wadatu a asibitoci, kuma katin IgM nata a makon farko yana kuskuren masu cutar da yawa. Katin da bai nuna komai ba a rana ta uku bai faɗi komai ba. Abin yi shi ne a ajiye ruwan jinin ranar a aika inda ake PCR, ko a sake ɗiba bayan mako.

Rana ta biyar zuwa ta bakwai mararraba ce: bairos na fita, IgM na shigowa. A nan a haɗa duka, PCR ko NS1 tare da IgM na cututtukan biyu. Bayan rana ta bakwai IgM ne jagora, kuma ELISA ya fi kati inganci. Hanya mafi ƙarfi a wannan mataki ita ce jini biyu: ɗaya a makon farko, ɗaya bayan kwana 10 zuwa 14, a gwada su tare a faranti ɗaya. Idan IgM ya tashi daga babu zuwa akwai, ko IgG (garkuwar da ke zuwa daga baya ta daɗe) ya ninka sau huɗu, kamuwar sabuwa ce.

Ɗibar jini da ajiyarsa

Kurakurai da yawa da ake ɗora wa na'ura tun a hanya suka faru. A ɗebi mililita 3 zuwa 5 daga babba a bututun da ba shi da maganin hana daskarewa, a bar shi ya daskare kamar minti 30, a juya shi a na'ura, a tsame ruwan saman. Cikin bututu masu maganin hana daskarewa, na EDTA ma ya yi wa PCR, amma na heparin bai yi ba, domin heparin na hana aikin PCR ɗin. A raba ruwan jinin ƙananan kwalabe biyu ko uku tun farko, ɗaya na PCR, ɗaya na IgM, ɗaya ajiya, saboda kowace narkewa da sake daskarewa na lalata RNA, ƙwayar halittar bairos da PCR ke nema.

Idan za a yi gwajin cikin awa 48, firji a digiri 2 zuwa 8 ya isa. Idan zai kai mako, firiza a digiri 20 ƙasa da sifili. Fiye da mako, sai 70 ƙasa da sifili. Kada a daskarar da jini sukutum da jajayen ƙwayoyinsa, za su fashe su ɓata samfurin. Firizar gida mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba ta dace ba, domin sanyinta hawa da sauka yake yi. Wajen aikawa, kwalba cikin mazubi mai murfi da abin tsotse ruwa, shi kuma cikin akwatin sanyi da ƙanƙara. A jikin kwalba da fom a rubuta ranar fara ciwo da ranar ɗiba, duka biyun. Samfurin da ya iso babu waɗannan ranaku, mai gwaji zai ba da lamba, amma ba zai iya ba da ma'ana ba.

Katin gaggawa kuma yana da nasa sharuɗɗa: yawan ɗigon da takardar kamfani ta faɗa, karantawa cikin mintunan da ta ƙayyade (yawanci 15 zuwa 20), da layin tabbatarwa da dole ya fito. Layin da ya bayyana bayan rabin awa ba sakamako ba ne. Katin da ya kwana a zafin da ya wuce digiri 30 na tsawon makonni ba abin yarda ba ne ko da wa'adinsa bai ƙare ba.

Karanta sakamako

Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Haɗuwa tabbatacciya ita ce a samu bairos biyun a lokaci ɗaya: PCR na dengi da na cikungunya duka sun fito, ko NS1 ya fito tare da PCR na cikungunya. Kusa da wannan a ƙarfi, jini biyu da suka nuna garkuwar cututtukan biyu ta tashi cikin makonni biyun nan.

IgM biyu a jini ɗaya wani abu ne daban. IgM na dengi kan zauna wata biyu zuwa uku, na cikungunya ma haka, kuma a wasu mutane yakan wuce shekara. Ɗauki mutumin da ya yi cikungunya wata biyu da suka wuce, ya warke, yau ya zo da dengi a rana ta shida. IgM biyun za su fito, alhali cuta ɗaya ce a jikinsa. Haka ma wanda ya yi duka biyun a baya, yau kuma maleriya ce ta kawo shi. Abin da ya dace a rubuta shi ne "kamuwa da duka biyun a kwanan nan", a bar kalmar haɗuwa sai an samu hujjarta. NS1 ko PCR na dengi tare da IgM na cikungunya kaɗai yana nufin dengi na yanzu tabbas, cikungunya kuma ko ta yanzu ko ta baya. Ranar ciwo na taimakawa: IgM na cikungunya mai ƙarfi a rana ta biyu ya riga ciwon nan zuwa, don jiki bai isa ya ƙera shi cikin kwana biyu ba.

Sai rikicin dangi. IgM da IgG na dengi kan amsa wa Zika, shawara da allurar rigakafinta, West Nile da sauran 'yan gidan Flavivirus. Na cikungunya kan amsa wa o'nyong-nyong a Afirka, Mayaro a Kudancin Amurka, Ross River a Ostareliya. Maleriya, leptospirosis da sinadarin rheumatoid factor na masu amosanin gaɓoɓi su ma sukan jawo IgM na ƙarya. Mai raba wannan gardama shi ne gwajin PRNT, mai duba wane bairos ne garkuwar ke hana wa aiki, wanda manyan ɗakunan gwaji kaɗai ke yi, kuma ko shi yakan rikice a jinin wanda ya sha kamuwa da 'yan gidan Flavivirus.

PCR ma ba a karɓarsa ido rufe. Idan alamar tabbatarwa ta cikin bututu ba ta fito ba, sakamakon "babu" ba shi da amfani, a sake. Idan bairos ɗaya ya fito da ƙarfi, ɗayan kuma ya fito can kusa da iyakar zagayen na'ura da kamfani ya gindaya, wato da rauni, abu biyu ne ke iya faruwa: haɗuwa ta gaske wadda ɗaya ke kan hanyar fita, ko gurɓata daga samfurin maƙwabci, wanda ke da sauƙin faruwa a lokacin annoba da ake sarrafa jini mai yawan bairos. A sake tsamo RNA daga kwalbar ajiya, a gwada kowane bairos shi kaɗai. Wannan maimaitawar na maganin akasin haka ma, inda mai yawa ya cinye kayan aikin bututun ya danne mai kaɗan har ya ɓace.

Kula da majiyyaci kafin sakamako ya dawo

Sakamakon PCR na iya ɗaukar kwanaki, dengi kuma ba ya jira. Ƙa'idar ita ce a riƙe majiyyacin a matsayin mai dengi har sai an kore shi, ko da gaɓoɓinsa na kiran sunan cikungunya. Rahotanni sun saɓa a kan ko haɗuwar ta fi dengi shi kaɗai muni, amma hatsarin da ke kisa cikin sa'o'i na dengi ne.

Tarkon yana wurin maganin ciwo. Ciwon gaɓoɓin cikungunya yana da azaba, kuma hannu kan kai ga ibuprofen, diclofenac ko asfirin. Ga mai dengi a ɓoye, waɗannan na iya buɗe zubar jini a ciki, su kuma taɓa ƙoda. Farasitamol kaɗai: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo duk awa shida ga yaro, babba kuma kada ya wuce giram 4 a yini, ƙasa da haka idan hanta ta taɓu. Babu allurar cikin nama, babu steroid. Sai an kore dengi, ko zazzaɓi ya sauka da aƙalla awa 48 babu alamar hatsari kuma filatilet sun farfaɗo, sannan a yi maganar sauran magungunan.

Lokacin hatsari shi ne saukar zazzaɓi, tsakanin rana ta uku da ta bakwai, kuma yakan ɗauki awa 24 zuwa 48. Iyali sukan ɗauka sauƙi ne ya zo, don haka a faɗa musu tun da wuri abin da zai sa su dawo ko da tsakar dare: ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini daga hanci ko dasashi ko baƙin bahaya, kasala mai yawa ko rashin natsuwa, sanyin hannu da ƙafa, raguwar fitsari. A asibiti a ƙara da taruwar ruwa a ciki ko ƙirji, hantar da ta sauko fiye da santimita 2, da PCV mai hawa yayin da filatilet ke zubewa. Tazarar da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa ta hawan jini idan ta matse zuwa 20 ko ƙasa, jini ya fara gaza zagayawa ko da majiyyaci na magana lafiya lau. Mai alamar hatsari a kwantar da shi, a fara ƙarin ruwa irin Ringer ko ruwan gishiri na kashi 0.9 a mililita 5 zuwa 7 ga kowane kilo a awa na awa ɗaya zuwa biyu, a rage zuwa 3 zuwa 5 na awa biyu zuwa huɗu, sannan 2 zuwa 3, ana bin PCV da fitsari, wanda ake so ya kai rabin mililita ga kowane kilo a awa. Idan yoyon ya tsaya a janye ruwan, domin wanda ya fita yana komowa jijiya, kuma ci gaba da ƙari na cika huhu. Ƙarancin filatilet kaɗai ba tare da zubar jini ba bai wajabta ƙara su ba.

Gefen cikungunya na da nasa mutanen da ake tsoro wa: tsofaffi, masu ciwon suga, zuciya ko ƙoda, da jarirai. Mace mai zazzaɓi a kwanakin haihuwa a gwada ta duka biyun. Idan cikungunya na jininta a lokacin naƙuda, kusan rabin jariran kan kamu, kuma alamun sai bayan kwana 3 zuwa 7 suke fitowa, wato bayan an saba sallama, don haka a tsawaita lura da jaririn. Wanda ya rikice ko ya yi jijjiga, a haɗa da ruwan laka a samfuran da za a aika, bayan an duba filatilet. A makon farko majiyyaci ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, kada sauron gidan ya ɗauka daga gare shi.

Idan ana son sanin yawan haɗuwar a asibiti ko gunduma

A fara da ma'anar wanda za a gwada, a rubuce, misali duk mai zazzaɓin da bai wuce kwana bakwai ba. A gwada kowa da cututtukan biyu, ko kuma kowane na biyar ko na goma idan kayan aiki sun yi kaɗan, ba waɗanda likita ya zaɓa ba. A ware tabbatattu daga masu IgM kawai a rahoto, a faɗi adadin da aka raba da shi, a kuma rarraba bisa wata-wata, tunda annobar biyu ba lalle su kai ƙololuwa tare ba.

Lissafi kaɗan na hana ruɗin kai. A ce cikin masu zazzaɓi 1,000, kashi 30 cikin ɗari na da dengi, kashi 10 na da cikungunya. Ko da babu wata alaƙa tsakaninsu, sa'a kaɗai za ta ba da kamar mutum 30 masu duka biyun, kuma da wannan adadin ake kwatanta abin da aka samu. A ce kuma cikin wasu 1,000 masu dengi, 20 ne da gaske ke da cikungunya, aka yi amfani da katin da ke kama 90 cikin 100 na masu cutar, yana kuma yi wa 5 cikin 100 na marasa ita ƙarya. Zai kama 18 na gaske, ya ƙara 49 na ƙarya, a ba da rahoton 67. Adadin ya ninka fiye da sau uku, kuma kusan uku cikin huɗu na sunayen da ke jerin ba su da cutar. Shi ya sa a lokacin da cikungunya ba ta da yawa, duk katin da ya fito sai an bi shi da ELISA ko PCR kafin ya shiga rajista.

Wanda aka tabbatar yana da cikungunya, ita kaɗai ko tare da dengi, a ba shi ranar dawowa bayan mako uku, da wata bayan wata uku. Dengi kan gama aikinsa cikin mako biyu, ciwon gaɓoɓin kuwa na iya zarcewa watanni, har ya yi kama da amosanin gaɓoɓi. A rubuta sakamakon da ranarsa a katinsa na asibiti, domin likitan da zai gan shi da kumburarrun yatsu bayan wata shida ya san inda abin ya faro, kuma idan wani zazzaɓi ya kawo shi aka ga IgM, a san tsoho ne.